Mai Kanti Ya Nemi Shaida Kafin Ya Sayar? Gardamar da Ta Shafi Gusau, Tsafe da Bungudu

A Amurka, ma'aikacin mashaya ba ya miƙa kofi ga wanda yake kokwanton shekarunsa sai ya ga kati mai hoto. A 1984 gwamnatin tarayyar ƙasar ta yi dokar zaftare kuɗin gina tituna ga duk jihar da ta ƙi mayar da shekarun sayen barasa zuwa 21, kuma cikin 'yan shekaru duk jihohin suka bi. A Ingila 18 ne, amma shaguna da gidajen giya da yawa sun ɗaure kansu da ƙa'idar cewa duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba, sai ya fito da shaida. Hukuma kan aiki yaro da gangan ya je ya gwada saye. Idan aka sayar masa, tara tana iya hawa kan ma'aikacin da ya miƙa, lasisin gidan ma yana iya salwanta. Shi ya sa yake tambaya, ko da mai sayen zai ɗaga murya ya zage shi, kuma sau da yawa hakan ake yi.

Mu a Zamfara babu wannan sana'a a idon doka. Tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, sayar da giya ya zama laifi a jihar. Sai dai yawancin abin da ke gusar da hankalin matasanmu a yau daga kemis yake fitowa, da teburin mai sigari, da rumfar mai faci inda ake samun sholisho, da bahon mai tallar magani ranar kasuwa. Ga kuma gidan mai, wanda kayansa ba sa bugarwa amma da su baburan 'yan bindiga ke tafiya. A duk waɗannan wurare akwai mutum guda a tsaye bayan kanta, yawanci yaron shago ne da ake sallama da abin da bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne na ƙarshe da zai iya cewa a'a. Abin da ake gardama a kai shi ne: ya kamata wannan mutumin ya nemi shaidar wanda ya zo saye, ko ta shekaru, ko ta suna, ko takardar likita, kuma ya hana idan ba a nuna ba?

Mutane da yawa ba su san doka ta riga ta amsa wani yanki na tambayar ba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa, ta haramta sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sayar da shi kara-kara, ta kuma ɗora wa mai sayarwa tantance shekarun mai saye. Wanda ya san tashoshin mota na Gusau ko bakin titin Tsafe ya san inda wannan doka ta tsaya. Kara ɗaya-ɗaya ake saye har gobe, kuma yaro ɗan shekara tara kan zo da kuɗi a dunƙule a hannu ya ce yayansa ne ya aiko shi, a ba shi ya tafi.

Idan kuwa aka samu mai shagon da ya gwada tambaya, amsoshin da yake ji sanannu ne. Dattijo zai ce, “Haba ɗana, a gabana aka yi sunanka, yau ni kake tambaya kati?” Saurayi zai ce, “Kai ɗan sanda ne? Da kuɗina na zo.” Wani ba zai ce uffan ba, zai juya ya shiga shago na gaba, kuma ko farasitamol ba zai sake zuwa saye ba. Akwai kuma wanda zai sunkuyo ya ce a hankali, “Na san gidanku.” Waɗannan amsoshi ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya haɗa su a ma'auni guda, ko dai ya raina tsoron mai shago, ko kuma ya ba shi uzurin da bai cancanta ba.

Masu cewa a tambaya suna farawa ne da girman ɓarnar. Binciken shan ƙwaya na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda. Daga cikinsu, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol suke sha ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Yamma, Zamfara ce ta zo ta biyu bayan Kano, da kashi 13.5 cikin ɗari. Waɗannan kaya kamfani ke yin su, a kwali suke zuwa, kuma hannun wani ne ke miƙa su a ƙarshe. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Amma tiramadol mai lamba 225, wanda NAFDAC ba ta amince da shi ba tunda 50 da 100 kawai ta yarje, bai ɓace daga gari ba, haka diyazefam da eksol. Masu wannan ra'ayi suna cewa NDLEA ba za ta iya ajiye jami'i a kowane shago daga Kwatarkwashi zuwa 'Yandoto ba, mai shagon kuwa kullum yana nan.

Hujjarsu ta biyu daga fiƙihu take. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matse da shi, sun hana sayar da makami ga masu fitina a lokacin fitina, alhali inabi halal ne, takobi ma halal ne. Ƙa'idar ita ce a toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna. Ke nan maganar “ni dai ɗan kasuwa ne, abin da aka nema na bayar” ba ta wanke mutum idan ya san inda kayan za su. Wanda saurayi ɗaya ya zo masa sau uku a mako yana neman kwalba ɗaya, babu tari babu majina, ya sani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Akwai hujja ta uku da ba a cika kawowa ba, kuma a ganina ta fi sauran ƙarfi. A tarbiyyarmu yaro ba ya kallon idon babba ya ce masa a'a. Yaron kemis ɗan shekara 20 da abokin babansa ya shigo masa, ko ɗan mai unguwa, ko yayan abokinsa, ba shi da bakin hanawa, domin hanawar daidai take da cewa “ina zarginka.” Amma idan an rubuta a bango cewa ba a bayar da kaza sai da takardar likita, ya samu abin jingina. Zai iya cewa, “Baba, ka yi haƙuri, ba ni na sa ba, ga shi a rubuce. In na ba ka, maigidana ne zai rasa lasisi.” Dattijon zai fita da mutuncinsa, yaron ma bai yi rashin kunya ba. Wannan shi ne amfanin ƙa'idar da ake yi wa kowa: idan an tambayi Alhaji kamar yadda aka tambayi ɗan acaɓa, babu mai cewa shi aka ware. Masu adawa kan ce tambaya na ɓata zumunci. Ni kuwa na fi ganin zumunci na ɓaci ne ranar da uwa ta gano cewa ɗan maƙwabciyarta ne ya shekara yana miƙa wa ɗanta ƙwaya.

To ga ɗaya ɓangaren, kuma ba mutanen banza ne ke riƙe da shi ba.

Abu na farko da suke cewa shi ne mun san junanmu, kati na garin da ba a san kowa ba ne. A ƙaramin ƙauye wannan gaskiya ne, mai kemis ya san mahaifin kowa. Amma Gusau ta daɗe da wuce nan. Ta cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da aka tarwatsa, da ɗaliban Jami'ar Tarayya, da ma'aikata, da fatake. Tsafe kuma a kan babbar hanyar Funtuwa take, baƙo na sauka kowace sa'a. Sannan sanayyar ita ce ma ke ɗaure bakin mai sayarwa. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kusa da ita akwai ta addini, cewa Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane, kuma asalin Musulmi a kyautata masa zato. Haka ne. Sai dai wanda ya nemi takardar likita bai leƙa gidan kowa ba, sharaɗi ya sa wa kayansa, kuma mai kaya yana da ikon sa wa kayansa sharaɗi. Inda wannan hujja ke da haƙori shi ne idan mai shago ya mayar da tambayar tonon silili, yana ɗaga murya don 'yan layi su ji, ko yana kai labari majalisa da yamma cewa wane ya zo neman kaza. Wannan haramun ne, da doka ko babu doka.

Hujjar da ta fara yi mini nauyi ita ce: wa ke da katin? Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya, kuma karkarar Arewa ce ke jan adadin ƙasa. A ƙarshen 2023 masu lambar NIN sun ɗan haura miliyan 100 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Tsohuwar takardar NIN da yawancin mutane ke ninkewa a aljihu ba ta ma ɗauke da ranar haihuwa. Da yawanmu shekarunmu na hukuma a kotu aka rantse aka rubuta su, shi ya sa masu ranar haihuwa 1 ga Janairu suka yi yawa. Sannan ka tuna da matar da aka ƙone ƙauyensu da dare, ta fito da goyo da zane ɗaya. Takardunta suna cikin tokar ɗakin. Idan doka ta ce babu kati babu magani, ita za ta fara kamawa, alhali saurayin cikin gari da ke shan ƙwayar yana da kati har biyu da hotonsu a waya. Masu goyon bayan tambaya kan amsa da katin zaɓe: ba a ba wanda bai kai 18 ba, yana ɗauke da hoto da ranar haihuwa, kuma masu rajista a Zamfara sun ɗan haura miliyan 1.9 a zaɓen 2023. Amsa ce mai kyau, amma ba ta rufe ramin duka ba.

Sai kuma aike, wanda duk wanda ya kwaso dokar Turai ya kawo nan yake mantawa da shi. A gidajenmu mata da yawa ba sa fita sayayya. Yaro ne ƙafarsu. Shi ke sayo gishiri, shi ke sayo magi, shi ke zuwa kemis ya ce, “Innata ta ce a ba ta maganin ciwon mara,” ko “Kakata ta ce irin na jiya.” Tsoho mai ciwon gwiwa jikansa yake aika. Idan aka ce ba za a miƙa wa ɗan ƙasa da 18 komai ba, an yanke wa rabin gari hanyar magani, musamman da rana lokacin da maza ke gona ko kasuwa. Amma ta wannan ƙofar dai ɓarnar ke shiga. Yaron da aka saba aika sayo sigari, wata rana kara biyu zai saya, ɗaya nasa. Yayan da ba ya son a gan shi a kemis ƙaninsa yake turawa. Kuma fiya-fiya, da aka sha jin an yi kisa ko an kashe kai da ita, haka ake miƙa wa yarinya a kwalba ba tare da an ce mata wa ya aiko ki ba. Ba za a hana aike ba, kuma bai kamata a hana ba. Abin tambaya shi ne ko kowane kaya ya dace da hannun ɗan aike.

Mace mai niƙabi ma tana cikin lissafin. Kati mai hoto ba shi da amfani sai an dubi fuska, kuma ba kowace mace za ta yarda ta ɗaga wa namiji a shago ba. Tana da gaskiyarta.

Yanzu ga wurin da gardamar Zamfara ta rabu da ta Ingila kwata-kwata. Ma'aikacin mashaya a Landan idan ya hana, mafi yawan abin da zai fuskanta zagi ne ko ture, ga mai gadi a ƙofa, ga 'yan sanda a kusa. Mai kemis a ƙauyen Tsafe ko Bungudu idan ya hana, yana iya kwana a daji. Kowa ya san 'yan bindiga ba su cika shigowa gari da kansu su yi sayayya ba. Masu kai musu suke da su: mai kai burodi, mai kai mai, mai kai katin waya, mai kai ƙwaya, wani ma ɗan garin ne da ake sallar asuba tare da shi. Ka ce wa irin wannan mutumin ya nuna kati, ka rubuta sunansa a littafi, ka riga ka sanar da shi cewa ka gane shi. Wanda ke zaune a ofis a Gusau yana rubuta doka ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani, domin ran wani yake shirin sa wa a gaba.

Mun kuma gwada abu makamancin haka. A 2021 gwamna na lokacin, Bello Matawalle, ya rufe kasuwannin mako-mako, ya hana sayar da fetur a jarka, ya taƙaita sayar da mai ga gidajen man Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ya ce kada a ba mutum ɗaya man da ya wuce na naira 10,000. Ranar 3 ga Satumban shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, har mutane suka riƙa ratsa Tsafe zuwa Funtuwa don kawai su kira 'yan uwansu. Matakan sun ciji 'yan bindiga, domin a lokacin an ji suna neman abinci da fetur a matsayin fansa. Amma sun ciji mai injin niƙa, da manomin rani mai injin ban ruwa, da mai janareta, waɗanda dukansu da jarka suke sayen mai. 'Yan bumburutu suka samu kasuwa. Mai zuba mai ya wayi gari ya zama jami'in tsaro ba bindiga, ba albashin tsaro, yana rigima da manomin da ya san halalinsa yake nema. Bayan an sassauta, hare-haren suka ci gaba: a Afrilun 2023 an kwashe mutum fiye da 80 a Wanzamai ta Tsafe, yawancinsu yara da suka je itace, a Satumban shekarar kuma aka shiga masaukin ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida ta Bungudu.

Haka labarin haɗa layin waya da NIN. An fara a Disambar 2020 lokacin Isa Ali Pantami yana minista, mutane suka yi ta kwana a layi, a Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira. An ce idan kowane layi yana da suna, mai neman fansa ba zai iya ɓuya ba. Har yau da waya ake cinikin fansa. Pantamin da kansa ya koka a farkon 2024 cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Don haka idan Bazamfare ya ce ya gaji da nuna kati, ba taurin kai ba ne kawai. Ya nuna ya nuna, bai ga abin da nunawar ta saya masa ba.

Ga kuma haɗarin da na fi jin tsoro. A jihar da rikici ya riga ya raba Bahaushe da Bafulatani, ikon “nuna mini shaida” a hannun kowane mai shago yana iya zama sandar wariya. Za a bar ɗan gari ya wuce, a tsare mai sanda da hular kaba. Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma an kore masa shanu, zai zo neman maganin zazzaɓin 'yarsa a tsaya ana masa tambayoyin da ba a yi wa kowa. Duk wulaƙancin da aka yi masa a gari riba ce ga waɗanda ke daji. Littafin rubuta sunaye ma abin tsoro ne: shafi mai ɗauke da suna, lambar waya da unguwar kowa, ajiye a kan kanta, a garin da infoma ke yawo. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ba ta isa rumfar kasuwa ba.

Akwai misali daga Amurka da kowane ɓangare zai iya ja wajensa. Daga 2006 dokarsu ta mayar da wani maganin mura da ake sarrafawa a yi mugun kayan maye zuwa bayan kanta: sai ka nuna kati, a rubuta sunanka, kuma ba za ka wuce giram 3.6 a rana ko giram 9 a wata ba. Ƙananan wuraren dafa ƙwayar a cikin gidaje sun ragu sosai. Amma manyan dillalai daga Meziko suka cike gurbin. Tambaya a kanta tana rage wa yaro da sabon shiga sauƙin samu. Ba ta taɓa babban dillali.

To ina na tsaya? Ina tare da masu cewa a tambaya, amma ba irin tambayar da suke nufi ba, kuma ba a ko'ina ba.

A kan magunguna masu bugarwa, kati ba shi ne abin nema ba, takardar asibiti ce. Mai shekara 40 ma yana iya zama ɗan ƙwaya, katin zaɓensa ba zai nuna haka ba. Hasali ma lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba masu kemis bai ba su damar ajiye magungunan da sai likita ya rubuta ba. Irin waɗannan magunguna na kantin ƙwararren mai harhaɗa magani ne. Kemis ɗin da tiramadol ke ƙarƙashin kantarsa ya riga ya karya doka kafin kowa ya shigo. Na san amsar da za a ba ni, cewa a ƙauyuka da yawa kemis ɗin shi ne asibitin, ma'aikatan lafiya sun gudu, babu mai rubuta takardar. Gaskiya ne, kuma wannan bashi ne a wuyan gwamnati. Amma zazzaɓi da gudawa da ciwon kai, waɗanda su ne ke kai yawancin mutane kemis, magungunansu ba sa cikin jerin masu bugarwa da ake magana a kai. Matar da ta fito daga ƙauyen da aka ƙone ba za a nemi komai a hannunta ba kafin a ba ta maganin maleriya. Jerin gajere ne, kuma ya kamata ya zauna gajere.

A kan sigari, sholisho da fiya-fiya, shekaru ne abin dubawa, kuma yawanci ido ya isa. Ɗan shekara goma ba ya bukatar kati kafin a gane yaro ne. Kada a miƙa masa, a ce, “Je ka ce wa wanda ya aiko ka ya zo da kansa.” Idan uwa ce a cikin gida, waya ta yawaita, mai shago ya kira ta ko maigidanta ya ji daga bakinsu, ko a jira babba ya zo ya karɓa. Sai wanda ke tsakanin yaro da saurayi, shi za a ce ya nuna katin zaɓe. A duba a mayar masa. Kada a ɗauki hoto, kada a rubuta lamba, kada a tambayi garinsu ko ƙabilarsa. Wanda ya yi fushi a ba shi haƙuri sau ɗaya, a bar shi ya tafi, ba gardama ba gori.

A kan fetur da duk abin da ya shafi gano masu kai wa 'yan bindiga kaya, ina tare da masu adawa ɗari bisa ɗari. Wannan aikin 'yan sanda ne da sojoji da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Mai zuba mai ya bi ƙa'idar da aka kafa kan jarka, amma kada a ce shi zai tantance waye infoma. Ba shi da horon, ba shi da kariyar, kuma idan ya yi kuskure a kan mutumin kirki, ya jawo masa abin da ba zai iya gyarawa ba.

Saura mutumin da ya juya ya shiga shago na gaba. Shi ne ke karya duk mai niyyar kirki, domin wanda ya tambaya shi kaɗai a layinsu, kasuwarsa ce za ta mutu, ɓarnar kuma ba ta ragu da ko kwalba ɗaya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai saye da laifinsa, amma layin shagunan da kowa ke jiran ɗan uwansa ya hana don ya kwashe cinikin shi ma da nasa. Maganin wannan yana hannun ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED da ƙungiyoyin 'yan tireda. Su zauna su amince da jeri ɗaya, a buga shi da Hausa da ajami, a manna a kowane shago rana ɗaya. Limamai su faɗa ranar Juma'a, masu unguwanni su faɗa wa dattawa, don kada yaron shago ya zama shi ne na farko da zai sanar da Alhaji. Masu tallar magani a baho, waɗanda ba su da lasisi ko kaɗan, a raba su da waɗannan kaya, in ba haka ba duk wanda aka hana a shago wurinsu zai nufa. Idan kuma Hisba ko NDLEA suka kama an sayar, mai shagon da ya saro kayan za a tuhuma kafin yaron da ya miƙa.

A fara da cikin Gusau da garin Tsafe da garin Bungudu, inda akwai ofishin 'yan sanda da mai shago zai iya kai kuka idan an yi masa barazana. A ƙauyukan da har yanzu ake biyan 'yan bindiga kuɗi kafin a shiga gona, kada a ɗora wa mai kemis wajibcin tambayar kowa komai sai ranar da gwamnati ta kai masa tsaro.